Tashar GPS ta Marshall da Tambayar Manomin Rani

Kudu da birnin Boulder, a jihar Kolorado ta Amurka, akwai wani fili da ake kira Marshall, inda cibiyar binciken yanayi ta NCAR ke gwada na'urorinta. Fili ne shimfiɗaɗɗe mai gajeriyar ciyawa, an jejjera masa ma'aunan ruwan sama da na iska da na dusar ƙanƙara. A cikinsa akwai wata eriyar GPS da aka ɗora kan ƙafafun ƙarfe, tsayinta daga ƙasa kusan mita 2, lambarta P041. Ɗaya ce daga tashoshi kusan 1,100 da aka baza a yammacin Amurka har zuwa Alaska, ƙarƙashin shirin Plate Boundary Observatory wanda ake taƙaita wa PBO. Daga baya aka gano suna iya auna danshin ƙasa, amma babu wanda ya yi tunanin noma lokacin da ake kafa su. Aikinsu shi ne lura da motsin ɓawon duniya, 'yan milimitoci a shekara, saboda girgizar ƙasa da duwatsu masu aman wuta.

Mai irin wannan awo ba shi da abin da ya tsana kamar amsa-kuwwar sigina. Taurarin GPS suna shawagi a nisan kilomita kusan 20,200, kuma abin da ake so eriya ta kama shi ne siginar da ta taho kai tsaye daga can. Sai dai wani kaso na siginar yakan fara bugun ƙasa, sannan ya yi tsalle ya shiga eriyar a makare, ya gurɓata lissafi. Shekara da shekaru injiniyoyi suna neman maganinsa. Har wata eriya suka ƙera mai zobba-zobban ƙarfe a gindinta don ta toshe duk abin da ya taso daga ƙasa. Ta rage matsalar, amma ba ta kawar da ita ba, musamman idan tauraron ya yi ƙasa-ƙasa kusa da inda sama ta haɗu da ƙasa.

Kristine Larson, wadda a lokacin farfesa ce a Jami'ar Kolorado da ke Boulder, tana cikin masu fama da wannan matsala. Ita da abokan aikinta suka juya tambayar: tunda siginar ta taɓa ƙasa kafin ta iso, ashe ke nan ta ɗebo labarin ƙasar. Sun fara gwadawa da bayanan wata tasha a Tashkent ta Uzbekistan, suka ga amsa-kuwwar tana sauyawa duk bayan ruwan sama. Amma a can babu ma'aunin danshi a cikin ƙasa da za a kwatanta da shi. Shi ya sa suka dawo Marshall, inda aka binne ma'aunan danshi kewaye da eriya. A 2008 Larson da Eric Small da John Braun da Valery Zavorotny da wasu suka fitar da sakamakon. A fili mai faɗin murabba'in mita kusan 300, hawa da saukar siginar ya bi sawun danshin santimita 5 na saman ƙasa, har da saurin bushewarta bayan saukar ruwa sau shida.

Yadda ƙasa ke shiga cikin sigina

Abin da ya sa wannan ya yiwu shi ne ruwa da busasshiyar ƙasa ba ɗaya suke karɓar igiyar rediyo ba. Akwai wani ma'auni na yadda abu ke tare wannan igiya ya mayar da ita. A kansa iska tana da 1, busasshiyar ƙasa tana tsakanin 3 da 5, ruwa kuwa kusan 80. Da wannan tazara, ɗan ruwa kaɗan a cikin ƙasa ya isa ya sauya halinta. Wanda ya taɓa tuƙi da la'asar bayan an ɗauke ruwa ya san yadda jiƙaƙƙiyar kwalta ke haske masa ido, alhali busasshiya ba ta yi. To haka ƙasa take ga siginar GPS: in ta jiƙe sai ta mayar da ita daga can sama-sama, in ta bushe sai siginar ta ɗan nutsa kafin ta juyo.

Tsawon zangon babbar siginar GPS, wadda ake kira L1, santimita 19 ne, na L2 kuma ya ɗan haura 24. Siginar da ta zo kai tsaye da wadda ta biyo ta ƙasa suna haɗuwa a eriya. Wani lokaci su dace su ƙarfafa juna, wani lokaci su saɓa su raunana juna, gwargwadon bambancin nisan da kowacce ta yi. Da yake tauraron tafiya yake yi, yana ɗagowa daga gefen sama, wannan bambanci yana sauyawa a hankali, sai ƙarfin siginar ya riƙa hawa yana sauka. Ga eriya mai tsayin mita 2, daga lokacin da tauraro ya ɗago digiri 5 zuwa lokacin da ya kai digiri 25, siginar L2 takan yi wannan hawa da sauka sau biyar da 'yan kai. Yawan hawa da saukar yana faɗin nisan eriya daga abin da ya mayar da siginar. Gocewarsu gaba ko baya daga inda suka saba faɗowa kuwa, ita ce ke faɗin danshi. Lissafin da Clara Chew ta yi daga baya a wannan jami'a ya nuna cewa a ƙasar da babu tsiro, gocewar digiri ɗaya, wato kashi ɗaya cikin 360 na hawa da sauka guda, tana daidai da sauyin danshi na kusan kashi ɗaya da rabi cikin ɗari.

Abubuwa biyu suka taimaka. Na ɗaya, kowane tauraron GPS yana sake bin hanyarsa ta jiya a sararin sama, sai dai yakan riga lokacin jiya da minti huɗu, don haka kullum wuri ɗaya siginarsa ke bugawa a fili, kuma ana iya kwatanta yau da jiya. Na biyu, tun daga 2005 aka fara harba sababbin taurari masu ɗauke da siginar farar hula ta L2C, wadda ta fi tsohuwar tsabta wajen irin wannan aiki.

Wurin da siginar ke bugawa ma yana tafiya. Idan tauraron yana digiri 5, tsakiyar wurin tana nisan mita kusan 23 daga eriya. A digiri 10 ta matso zuwa mita 11, a digiri 25 kuma mita 4 da ɗoriya. Idan aka haɗa taurarin da ke fitowa da faɗuwa ta kusurwoyi daban-daban, ana samun matsakaicin danshin fili mai faɗin murabba'in mita kusan 1,000. Wannan shi ne babban abin alfaharin dabarar. Ma'aunin da ake binnewa yana jin danshin 'yar ƙasar da ke manne da shi ne kawai, tauraron SMAP na NASA da aka harba a Janairun 2015 kuma yana ba da adadi ɗaya ga fili mai faɗin kilomita kusan 36 ta kowane gefe. Tsakanin waɗannan biyu akwai wawakeken giɓi.

Daga nan aikin ya yi rassa. A 2009 suka nuna cewa wannan eriyar tana auna zurfin dusar ƙanƙara, tunda dusar tana rage nisan da ke tsakanin eriya da abin da ke mayar da sigina. A 2010 suka ƙara da auna tsiro. Aka haɗa su duka a wani shiri mai suna PBO H2O, wanda ya riƙa fitar da alƙaluma kullum daga ɗaruruwan tashoshi ba tare da an sayi ko ƙusa ɗaya ba. Da aka tantance alƙaluman danshin a wurare da dama a 2016, kuskurensu bai wuce kashi 4 cikin ɗari na girman ƙasa ba, wato daidai mizanin da NASA ta gindaya wa SMAP.

Daga filin gwaji zuwa gonar masara

Tafiyar awa biyu ko uku gabas da Boulder ake shiga yankin da ruwa ya zama abin rigima. Ruwan sama a gabashin Kolorado yana kai-komo wajen milimita 400 a shekara, masara kuwa tana son kusan 600 a kaka ɗaya. Cikon yana fitowa ne daga rafuka da rijiyoyin burtsatse, akasari daga tafkin ƙarƙashin ƙasa na Ogallala da ya ratsa jihohi takwas, wanda a wasu sassan Kansas da Texas ruwansa ya ja baya da fiye da mita 45. Saboda yarjejeniyar rabon ruwan kogin Republican ta 1943 tsakanin Kolorado da Kansas da Nebraska, Kolorado ta amince a 2016 za ta janye eka 25,000 daga noman ban ruwa. Manomin wannan yanki ba don sha'awa yake son sanin danshin gonarsa ba.

Yawancin gonakin da injin feshi mai juyawa ake ba su ruwa, irin wanda Frank Zybach ya samu lasisin ƙirƙirarsa a 1952. Dogon bututu ne mai tsawon mita kusan 400 a kan tayoyi, yana zagaya rijiya yana shayar da da'ira mai hekta kusan 50. Milimita ɗaya ta ruwa a hekta ɗaya lita 10,000 ce. Zagaye ɗaya na milimita 25 ke nan ya lashe lita miliyan 12 da rabi, ban da kuɗin wutar famfo. Idan na'ura ta iya gaya wa manomi ya jinkirta zagaye ɗaya tak a shekara, ta rage masa ɓarna mai yawa.

A nan gizo ke saƙar. Tambayar da tashar Marshall ke amsawa da tambayar da manomi ke yi ba ɗaya ba ne.

Tashar tana faɗin danshin santimita 5 na sama. Saiwar masara kuwa tana nutsawa mita ɗaya ko fiye, kuma daga duk wannan zurfin take sha. A lissafa: santimita 5 na ƙasa mai danshi kashi 20 cikin ɗari milimita 10 kacal ta riƙe, alhali masarar da ta yi bunƙasa a watan Yuli tana iya shan milimita 7 ko 8 a yini. Mita ɗaya ta ƙasa mai kyau, wadda ba yashi zalla ba kuma ba laka zalla ba, tana ajiye wa shuka wajen milimita 150, kuma ƙa'idar da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta bayar ita ce a ba masara ruwa idan ta shanye kusan rabin wannan ajiya. Wato shawarar ban ruwa a can ƙasa ake yanke ta. Saman ƙasa kan bushe ƙayau kwana biyu bayan feshi alhali ƙasan cike yake da ruwa. Haka kuma yayyafin milimita 5 kan jiƙa saman, na'ura ta nuna lafiya lau, saiwa kuwa tana cikin ƙishi. Manomin da ya bi alƙaluman sama kai tsaye zai yi ɓarnar ruwa a hali na farko, ya yi asarar amfani a hali na biyu.

Akwai hanyar rage wannan. Masana suna da lissafin da ke ɗaukar jerin alƙaluman danshin sama na makonni, ya ƙiyasta abin da ya tsiyaya zuwa ƙasa, domin ƙasan yana bin saman ne a hankali, a makare. Wolfgang Wagner da abokansa sun gabatar da irinsa tun 1999 don bayanan taurarin ɗan'adam. Yana aiki gwargwado, amma sai an daidaita shi da irin ƙasar wurin, kuma ƙiyasi ne, ba awo ba.

Matsala ta biyu ta fi wannan tsanani a ganina, domin shukar da ake son shayarwa ita ce da kanta ke rufe wa na'urar ido. Ganye da kara ruwa ne a cikinsu, kuma siginar ba ta bambance ruwan ganye da ruwan ƙasa. Chew da Small da Larson sun fito da hanyar cire tasirin tsiro, amma tana aiki ne idan ruwan da ke jikin tsiron bai wuce wajen kilo ɗaya da rabi a murabba'in mita ba. Ciyawar Marshall ba ta kai haka. Masara cikakkiya tana ninka shi, kuma tsayinta ma yakan wuce na eriyar.

Masu bincike a Faransa sun ga haka ƙiri-ƙiri a wata gonar alkama da ke Lamasquère, kusa da Toulouse, suka kuma wallafa a 2017. Gonar ruwan sama take sha, amma darasin ɗaya ne. Muddin alkamar tana gajeriya, eriya ta ba da danshin ƙasa. Da ta miƙe a watan Maris, sai siginar ta koma juyowa daga saman shukar. Daga lokacin abin da suka iya cirowa shi ne tsayin alkamar. Bayani ne mai amfani, babu musu, amma ba shi mai ban ruwa ya tambaya ba. Kuma lokacin da alkama ko masara ta fi tsoron ƙishi, wato lokacin fure da cikar ƙwaya, shi ne daidai lokacin da ganye ya fi yawa.

Sauran matsalolin ƙanana ne amma suna taruwa. Huɗa da kunya suna sauya fuskar ƙasa, siginar ta warwatse maimakon ta juyo sumul. Gocewar siginar sauyi kawai take faɗa, ba ainihin adadi ba, don haka sai an sami ranakun da ƙasa ta bushe sarai a ɗauke su a matsayin tushe, gonar da ake shayarwa kullum kuma ba ta cika ba da irin waɗannan ranaku ba. Murabba'in mita 1,000 ɗin da ake alfahari da shi kashi ɗaya ne cikin 500 na da'irar injin feshi. Ga shi kuma injin kansa ƙarfe ne, duk sa'ad da ya gitta kusa da eriya sai ya ƙara tasa amsa-kuwwar.

Idan aka ɗaga eriyar sama

Maganin ƙarancin fili shi ne a ɗora na'urar kan abin da ke tashi. A wannan tsarin eriya biyu ake amfani da su, ɗaya tana kallon sama, ɗaya tana kallon ƙasa, a kwatanta ƙarfin abin da ya sauko da na abin da ya dawo. Manuel Martín-Neira na hukumar sararin samaniyar Turai ne ya kawo shawarar amfani da siginar da ta dawo tun 1993, amma shi tsayin teku yake son aunawa. Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin wani shiri mai suna MISTRALE da ya gwada ɗora irin wannan na'ura a jirgi marar matuƙi don zana wa manoma taswirar danshi, da taimakon taurarin Galileo na Turai, masu aiki irin na GPS. Taswira tana nuna wa manomi ɓangaren gonar da ya fi saurin bushewa da inda ruwa ke kwanciya. Amma zurfin bai ƙaru ba, kuma bayanin na ranar da jirgin ya tashi ne kaɗai.

Can sama kuma akwai CYGNSS, ƙananan taurari takwas da NASA ta harba ranar 15 ga Disamban 2016 ƙarƙashin jagorancin Chris Ruf na Jami'ar Michigan. Su ma ba don ƙasa aka yi su ba, an yi su ne don auna ƙarfin iska a cikin guguwar teku. Chew da Small suka nuna a 2018 cewa abin da suke kamawa a kan tudu yana bin danshi, aka kuma daidaita shi da SMAP aka fitar da alƙaluma na yau da kullum. Wani abin ban dariya shi ne taurarin ba sa gani sama da digiri 38 arewa ko kudu da layin da ya raba duniya biyu, Boulder kuwa tana kan digiri 40, don haka filin Marshall kansa yana waje. Kano da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram duk suna ciki. Sai dai kada a yi saurin murna. Murabba'i ɗaya na alƙaluman, mai kilomita 36 ta kowane gefe, ya kai hekta 129,600, ya ninka duk filin noman rani na Kadawa sau da yawa. Irin wannan bayani na hukumar da ke sa ido kan fari ne ko shigowar damina, ba na mai kadada ɗaya ta alkama ko tumatir ba.

Inda ta dace

Hukuncina shi ne dabarar ta tabbata a matsayin awo, amma ba ta isa ita kaɗai ta zama mai ba da umarnin kunna famfo ba. Duk mai tallata ta ga manomi da wannan alkawari ya zarce abin da gwaje-gwajen suka nuna. Wanda ke son sanin abin da saiwa ke ciki har yanzu sai ya binne ma'auni a zurfi daban-daban, ko ya yi lissafin abin da ya shiga da abin da rana da shuka suka ɗebe. Akwai ma wata kishiya da ta fi ta zurfi, na'urar ƙirga ƙwayoyin niyutiron da Marek Zreda na Jami'ar Arizona ya gabatar a 2008, wadda ke jin danshin hekta da dama zuwa zurfin gomman santimita, ko da yake ta fi tsada.

Amma akwai lokutan da santimita 5 ɗin nan su ne komai. Kafin shuka da makonnin farko bayanta, iri a nan yake kwance, ƙasa a buɗe take, kuma tambayar ita ce ko akwai danshin da zai fito da tsiro, ko kuma ƙasa ta yi tsanewar da tarakta za ta shiga ba ta danne ta ba. A gonakin inabi da na itatuwan marmari masu faɗin layi, da makiyaya mai gajeriyar ciyawa, ƙasa tana bayyana kusan duk shekara. Sannan na'urar ba ta buƙatar haƙa, ba ta hana garma wucewa ta inda take aunawa, gajimare da dare kuma ba sa hana ta aiki.

Kuɗinta ma ya sauko. Na'urorin da PBO ta kafa dubban daloli ne kowacce, yanzu kuwa ana gwada masu arha irin na cikin mota da waya, kuma ƙarancin kariyarsu daga amsa-kuwwa ya zama alheri a wannan aiki. Taurari sun ƙaru da Galileo na Turai da GLONASS na Rasha da BeiDou na Sin, ga manhajar gnssrefl da Larson ta saki kyauta ga mai son sarrafa bayanan. Manyan gonakin Amurka da yawa suna da tashar GPS tasu a gefen fili don taraktoci masu tuƙa kansu. Akasari a kan rufin sito ko dogon ƙarfe ake ɗora ta, inda abin da take ji kwano ne da siminti. Wanda ya sauko da ita tsakiyar buɗaɗɗen fili, ya kuma saita ta ta riƙa ajiye ƙarfin sigina, zai sami danshin saman gonarsa kullum daga share gona har zuwa lokacin da shuka ta rufe ƙasa, daga nan kuma sai ya koma ga ma'aunan da ya binne.